Sikana a Ofishin Hakimi: Abin da Magatakarda Zai Yi Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganinta

Ƙasar Sarkin Dutse ta ƙunshi ƙananan hukumomi 7, watau Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga. A ofishin kowane hakimi na waɗannan wurare akwai takardun da ba su da na biyu a duniya: shaidar cinikin gona, da sulhun kan iyaka da dattawa suka sa wa hannu, da rabon gado da alƙali ya aiko, da wasiƙun fada. Waɗansu daga ciki sun kai zamanin En'e, tun ƙasar nan tana haɗe da Kano, kafin a yanke Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991. Haraji da jangali Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, amma inda littattafansu suka tsira, sunayen masu gida da na unguwanninsu suna nan a rubuce. Ranar da gardamar asali ko ta gona ta tashi, tsohon littafi ya kan faɗi abin da masu rai suka manta.

Takarda kuwa abokan gabanta suna da yawa. Gara na cinta, yoyon rufi na wanke tawadarta, ambaliya irin ta 2022, wadda ta taɓa galibin ƙananan hukumomin Jihar nan, ba ta ƙyale kabad don na hakimi ne. Maganin wannan shi ne sikana, watau na'urar da ake ɗora takarda bisa gilashinta, haske ya bi ta daga kai zuwa ƙasa, hotonta ya shiga kwamfuta. Abin ba sabo ba ne. Tun 1957 wani masani a Amurka, Russell Kirsch, ya shigar da hoton jaririnsa cikin kwamfuta ta wannan hanya, hoton kuwa ɗigo 176 ne a tsaye, 176 a kwance. Sikanar da ke kan teburin magatakarda yau tana ɗaukar ɗigo 300 a kowane inci ɗaya ba tare da wahala ba, wannan kuwa ya isa a karanta rubutun boko da na ajami sarai.

To, sai dai sau da yawa na'urar tana nan lafiya lau, an lulluɓe ta da ƙyalle, an ce wai ta lalace. Abin da ya faru kawai shi ne wata rana magatakarda ya danna, kwamfuta ta ce ba ta ga sikana ba. Daga nan sai a koma aiken yaro da takardun jama'a shagon kwamfuta a Dutse ko Birnin Kudu. Kuɗin mota da yini guda su ne ƙaramar hasara. Babbar ita ce kwafin takardar gonar wani ya zauna cikin kwamfutar mai shago, inda hakimi ba shi da iko, ba shi kuma da labarin wanda zai buɗe ta gobe.

Ya kamata kowane magatakarda ya san cewa kalmar nan ta "ba a ga sikana ba" cuta biyu ce ke sa kwamfuta ta faɗe ta, maganinsu kuwa dabam dabam ne. Ta farko, da gaske kwamfuta ba ta san an jona mata kome ba. Ta biyu, ta sani sarai, amma wanda ke zaune gabanta ba a ba shi izinin taɓa na'urar ba. Wanda bai rarrabe su ba zai sayi sabuwar waya alhali izini ne babu, ko kuwa ya raba wa kowa babban mabuɗi alhali waya ce ta tsinke.

Hanyar ganewa ba ta da nisa da abin da aka saba gani a ƙofar gidan sarauta. Baƙo ba ya ganin hakimi sai ya iso ƙofa tukuna. In ba ya jin Hausa, sai an samo tafinta. Bayan wannan kuma sai an yi masa iso. Haka sha'anin sikana yake, kuma a kan wannan jeri ya kamata a bi bincike, kada a fara da na ƙarshe.

Isowa ƙofa

Abin farko wuta. Magatakarda ya duba ko fitilar na'urar ta kama, ya kuma saurara ko ya ji motsin karusar hasken a ciki sa'ad da aka kunna. Wutar da KEDCO ke kawowa ya kamata ta zama bolt 230, amma kowa ya san ta kan zo da rauni, ƙaramin janareta kuma ya kan yi sama da ƙasa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta damuwa da wannan, gama tana da batir, saboda haka mutum ya kan ga allo da haske ya ɗauka wuta lafiya, alhali sikana ba ta sami abin da zai tashe ta ba. Sitabilaiza ta fi sabuwar sikana araha.

Akwai kuma ƙananan sikana, irin su Canon LiDE, waɗanda ba su da wayar wuta ko kaɗan, daga kafar USB ta kwamfuta suke shan wutarsu. Tsohuwar kafa, wadda ake kira USB 2, miliamfiya 500 take bayarwa, sabuwar kuwa, mai shuɗin harshe, 900. Idan an jona irin wannan sikana ta cikin ɗan akwatin nan mai raba kafa ɗaya zuwa huɗu, ga linzami ga filas ga waya ana caji duk a jikinsa, abin da zai kai gare ta ba zai ishe ta ba. A cire akwatin, a soka wayar kai tsaye. In babbar kwamfuta ce ta tebur, kafofin baya sun fi na gaba aminci. Wayar kada ta wuce mita 5, kada kuma a yi mata ƙari. Waya ta kan tsinke daga ciki ba a gani, musamman wadda ƙafar kujera ta saba takawa, don haka a ari ta firinta a gwada, gama sau da yawa bakinsu ɗaya ne. Da hunturu ƙura ta kan cika kafar, sai a kashe kwamfuta a hure ta, kada a sa allura ko tsinken ƙarfe.

Wani abu da ke ba sababbin ma'aikata kunya shi ne ɗan makullin da ke ƙarƙashin waɗansu sikana ko a gefensu. Masu ƙira suna kulle karusar hasken da shi domin kada ta karye a hanya. In ba a buɗe ba, na'urar ta yi ta gurnani ba ta ɗauki kome ba. Amfaninsa kuwa na nan: duk ranar da za a ɗora ta a bayan babur zuwa wani ƙauye, a mayar da shi a kulle.

Shaidar cewa baƙo ya iso ita ce, a Windows kwamfuta ta kan yi ɗan ƙara sa'ad da aka soka wayar. Wanda ke son tabbaci ya buɗe wurin da ake kira Device Manager, inda aka jera dukan kayan da ke jone, ya zare wayar, ya mayar, yana kallo. In jerin ya motsa, wani suna ya ɓace ya dawo, to na'urar ta iso. In bai motsa ba ko kaɗan, a kafa biyu ko uku, da waya biyu, sai a kai sikanar ga wata kwamfuta. Idan can ma shiru, a nan ne kaɗai ya halatta a ce ta lalace. Wannan gwaji ɗaya ne da na ƴar na'urar ɗaukar zanen yatsa da ake jonawa a wuraren rajistar katin ɗan ƙasa, gama ita ma ta kafar USB take shiga.

Tafinta

Kowace na'ura da aka soka tana faɗa wa kwamfuta lambobi biyu, ta kamfanin da ya ƙera ta da ta samfurinta. Lambar Canon 04a9 ce, ta HP 03f0, ta Epson 04b8, ta Brother 04f9. Da waɗannan lambobi kwamfuta ke neman ƴar manhajar da ta san harshen na'urar. Masu gyara suna ce mata direba, amma aikinta na tafinta ne sak. In babu ita, Device Manager zai nuna na'urar da ɗan tuta rawaya mai kusurwa uku, in an buɗe kuma a ga lamba 28, ma'anarta ba a sa direba ba. Lamba 43 dabam ce, tana nufin na'urar ta yi magana ba a fahimta ba har Windows ta tsayar da ita, wannan kuwa galibi komawa ake yi ga waya da kafa.

Direba daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar ake samo ta, da ainihin lambar samfurin da ke manne a bayanta. Lambar da ta yi kama ba ta wadatarwa. Kada a karɓi direba daga filas ɗin da ya zaga shaguna, kada kuma a sauko da ita daga shafukan da ke cewa za su gyara kome da dannawa ɗaya. A lura da irin Windows da ke kan kwamfutar. Kamfanin Microsoft ya janye hannu daga Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, wa'adin Windows 10 kuma 14 ga Oktoba 2025 ne. Sabuwar sikana ba lalle ta sami direba a tsohuwar Windows ba, tsohuwar sikana ma haka a sabuwa. Kafin ofis ya sayi ɗaya daga cikin biyun, a bincika ko za ta zauna da wadda ke nan.

Na'urar nan mai haɗe da firinta da sikana da fotokwafi tana da nata ruɗi. Ta kan buga takarda lafiya, ta yi fotokwafi lafiya, amma ta ƙi aika hoto cikin kwamfuta. Dalili shi ne fotokwafi ba ruwansa da kwamfuta, bugu kuma direbarsa dabam da ta ɗaukar hoto. Wanda ya haɗa ta ranar farko ya ga ta buga takarda, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, rabin aiki ya yi. A sa cikakkiyar manhajar.

In direba na nan, tuta rawaya babu, amma har yanzu shiru, akwai wani ma'aikaci na ɓoye a cikin Windows mai suna Windows Image Acquisition, wanda shi ke kai da kawowa tsakanin sikana da manhajar ɗaukar hoto. Ya kan tsaya wani lokaci. Kashe kwamfuta da sake kunna ta ya kan tashe shi. Tashinsa da hannu kuwa sai mai babban mabuɗi, wannan ne ya kawo maganar iso.

Iso

Kwamfuta ba ta san fuska ba, ba ta san rawani ba. Abin da ta sani suna da kalmar sirri. Kowane suna da aka buɗe a cikinta yana da matsayi: ko mai babban mabuɗi, wanda masu gyara ke kira admin, ko ma'aikaci na yau da kullum. Mai babban mabuɗi shi ke sa manhaja, ya cire, ya buɗe sabon suna, ya shiga jakar kowa. Ma'aikaci kuwa aikinsa kaɗai zai yi, a jakarsa. Masu ƙira da gangan suka yi haka, kamar yadda a Baitulmali na da ba kowane malami ke riƙe da mabuɗin asusu ba, ko da shi ke rubuta rasit kullum.

Gwajin izini ɗaya ne, kuma ba ya ƙarya. A ce ga magatakarda biyu a ofis guda, babba da mataimakinsa. Babban ya shiga da sunansa ya ɗauki hoton takarda lafiya. Ya fita, mataimakin ya shiga da nasa, na'ura ɗaya, waya ɗaya, kafa ɗaya, kwamfuta ta ce ba ta ga sikana ba. To, an gama bincike. Wuta lafiya, waya lafiya, direba lafiya, gama da ɗayansu na da aibi da babban ma bai samu ba. Saura iso. Duk mai gyaran da ya ga wannan sa'an nan ya ce a sayo sabuwar waya, ko bai san aikinsa ba, ko kuwa yana da waya ta sayarwa.

A Windows abubuwa uku suka fi jawo haka. Na ɗaya, an sa manhajar ɗaukar hoton domin suna ɗaya tak. Mai babban mabuɗi ya cire ta ya sake sa ta, in ta tambaya ya zaɓi dukan masu amfani da kwamfutar. Na biyu, kuma shi ya fi yawa, ba sikanar aka hana mataimakin ba, wurin ajiya aka hana shi. Manhajar tana ƙoƙarin zuba hoton cikin jakar babban magatakarda, ƙofar kuwa a kulle take gare shi, sai aikin ya tsaya, mai kallo ya ɗora laifin a kan na'ura. Maganinsa a buɗe jaka guda ta ofis, a rubuta sunayen waɗanda za su iya zubawa a ciki, a nuna wa manhajar can. Na uku, babban bai fita da gaske ba. Ya bar manhajar a buɗe, aka sauya suna kawai, ita kuwa tana riƙe da sikanar ta bayan fage, na'urar kuma ba ta amsa wa mutum biyu a lokaci guda. Ya koma ya rufe manhajar, ya fita sarai.

Galibin kwamfutocin ofis Windows ce a kansu, amma a kan ci karo da mai Ubuntu, watau wani reshe na Linux, kuma a can wannan magana ta fi fitowa fili. Manhajar da ke kula da sikana a Linux sunanta SANE. Magatakarda ya buɗe baƙin allon rubuta umarni, ya rubuta lsusb. Za a jera masa abin da ke jone da lambobin nan biyu, in ya ga 04a9 ko 03f0 ko makamancinsu, baƙo ya iso. Sa'an nan ya rubuta scanimage -L. In ta ambaci sunan sikanar, babu sauran magana. In ta ce ba ta ga kome ba, a kira mai babban mabuɗi ya rubuta sudo scanimage -L, kalmar sudo kuwa ma'anarta a yi wannan da ikon mai gida. Idan da sudo ta gani, ba sudo ba ta gani ba, izini ne. Idan duk biyun ba ta gani ba, direba ce. Umarnin sane-find-scanner ma ya kan faɗa ƙarara cewa ya ga na'ura amma an hana shi buɗe ta.

A Ubuntu izini ta rukuni ake ba da shi. Akwai rukuni mai suna scanner, akwai kuma lp na firinta, wanda na'urori masu haɗe da firinta su kan faɗa cikinsa. Mutum ya rubuta groups ya ga rukunonin da yake ciki. In babu, mai babban mabuɗi ya rubuta sudo usermod -aG scanner,lp ya bi da sunan ma'aikacin. A kula ƙwarai da ƙaramin harafin a ɗin nan, domin shi ke nufin ƙari. In an manta da shi, za a fitar da mutumin daga dukan sauran rukunoninsa, in kuwa mai babban mabuɗin ya yi wa kansa haka, ya kulle kansa waje. Bayan wannan tilas ma'aikacin ya fita ya sake shiga, gama kwamfuta a bakin ƙofa take duba rukunin mutum, ba ta sake dubawa sai ya dawo. Mutane da yawa a nan suke karaya, su ce umarnin bai yi ba.

Akwai masu koya wa mutane gajeriyar hanya, wai a buɗe fayil ɗin na'urar ga kowa da kowa da umarnin chmod. Ya kan yi aiki ran nan. Amma fayil ɗin sabo ake ƙirƙirarsa duk sa'ad da aka zare waya aka mayar, ko aka kashe kwamfuta, sai gobe da safe a tarar an koma gidan jiya.

Rabon hakimi cikin wannan

Gajeriyar hanyar da ta fi kowace haɗari ita ce wadda ta fi sauƙi: a rubuta kalmar sirrin babban mabuɗi a ƴar takarda a manna jikin allo, kowa ya shiga da suna ɗaya. Sikana za ta yi aiki, babu shakka. Amma garin neman gira an rasa ido. Wanda ya shiga da babban mabuɗi, duk abin da ya buɗe da ikonsa yake gudana, har da ƙwayar cutar da ta biyo filas ɗin wani ɗalibi da ya zo a buga masa takarda. A Windows ɗan akwatin nan da ke fitowa yana tambaya ko an yarda a yi canji shi ne shinge na ƙarshe. Mai babban mabuɗi dannawa ɗaya zai yi ya wuce, ma'aikaci kuwa sai an zo an sa kalmar sirri, jinkirin nan shi ne amfaninsa.

Ban da cuta, akwai amana. A ce an wayi gari hoton takardar sulhun wata gona ya ɓace daga kwamfuta, ko an tarar an sauya shi da wani. In mutum biyar ke shiga da suna ɗaya, har da masinja da ɗan hakimi mai zuwa kallon ƙwallo, wa za a tambaya? Magatakarda mai gaskiya shi ya fi kowa cutuwa a nan, domin zargi a kansa zai sauka, ba shi kuwa da abin da zai wanke kansa. Inda kowa ke da sunansa, jakar ofis kuma an san waɗanda ke iya zubawa da waɗanda karatu kaɗai aka yardar musu, tambayar ta taƙaita.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta shimfiɗa sharuɗɗa kafin manyan kotuna su karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta. Daga ciki akwai cewa kwamfutar an saba yin wannan aiki da ita, tana kuma aiki daidai a lokacin, ana kuma kawo takardar shaida da sa hannun wanda ke da alhakin kula da na'urar. Ofishin da babu wanda aka sani da wannan alhaki ya sa kansa cikin wuya tun kafin a kira shari'ar. Har wa yau, a watan Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Takardar gado tana ɗauke da sunayen matan mamaci da ƴaƴansa da abin da kowa ya samu. Wannan ba abin bari ba ne a buɗe ga duk wanda ya ja kujera. Hoton kuma ba ya maye gurbin takardar asali, ita dai a mayar da ita kabad.

Hakimi ba sai ya iya lsusb ba. Abin da ke kansa shi ne ya yanke wanda zai riƙe babban mabuɗi, mutum ɗaya, da wanda zai tsaya masa in ba ya nan. Shi mai riƙon ma ya kamata ya kasance da suna na biyu, na ma'aikaci, wanda zai riƙa aikin yau da kullum da shi, kada ya ɗauko babban sai za a sa manhaja ko za a yi gyara. Kalmar sirrin a rubuta ta, a sa cikin ambulan, a liƙe, hakimi ya sa hannu a bakin, ya ajiye wurin da yake ajiye hatimi. Dalilin wannan sananne ne: ana yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ana ciwo, ana mutuwa. Akwai kuma ɗan hidimar ƙasa da ya haɗa kwamfutar da kyakkyawar niyya, shekararsa ta cika, ya koma garinsu da kalmar sirri a kansa. Ranar da aka buɗe ambulan, ko mai riƙo ya bar ofis, a sauya kalmar, a rufe sunan wanda ya tafi.

In mai gyara ya zo, mai riƙon ne zai sa kalmar sirri da hannunsa, ya kuma zauna har a gama. Ba rashin yarda ba ne, haka aka saba ko da makaniki ne ya zo gyaran kabad ɗin kuɗi. Kada a bari a ɗauki kwamfutar zuwa shago da takardun jama'a a ciki sai in babu makawa, kafin nan kuma a kwafe jakar ofis a wani faifai na dabam. Wannan faifai dai ya kamata a riƙa sabunta shi kowane mako, a ajiye shi a wani gini, a sama, inda ruwa ba ya kai wa, domin ambaliyar da ta ci kabad ba za ta bar kwamfutar da ke kusa da shi ba.

Ga ofishin da ke nesa, irin na ƙasar Gwaram ko Miga, kiran mai gyara daga Dutse ba ƙaramin abu ba ne, saboda haka kafin a kira shi magatakarda ya rubuta abin da ya gani a littafin ofis, da kwanan wata: sunan na'urar da lambar samfurinta, irin Windows ko Ubuntu da ke kan kwamfutar, ko fitila ta kama, ko jerin Device Manager ya motsa da aka zare waya, lambar da tuta rawaya ta nuna, da kalmomin da suka fito a allo harafi da harafi, ko ya ɗauki hotonsu da wayarsa. A ƙarshe ya rubuta da sunan wa aka gwada, da sunan wa ta yi, da sunan wa ta ƙi. Mai gyaran da aka karanta wa wannan ta waya, sau da yawa daga inda yake zaune zai faɗi abin da za a danna.